AKWALAR YAYANA: GYARAN ADO KO GYARAN AIKI?

Ranar da yayana ya sauke wata akwala a ƙofar gida, wadda ya sayo daga Maraɗi, duk sai da muka fito kallo. Ba gilashi, rufin tamfol ya yage, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango turɓaya. Hajiyarmu ta riƙe haɓa ta ce, "Kai yanzu kuɗin rufin ɗakin naka ka zuba a wannan gwangwanin?"

Ya ce, "Hajiya, ba gwangwani ba ce, Citroën 2CV ce, ta Faransa. Nema ake yi ba a samu."

Ni dai ban ga laifin sayen ba, ai da tsohuwar zuma ake magani. Inda muka raba gari shi ne da ya nuna mini hotunan irin gyaran da yake so. Motoci ne na wasu masu tara tsofaffin motoci a Turai, an kankare su, an shafe da fenti mai ɗaukar ido, an canza kusan komai. Wasu ma ba a hawansu, a kan tirela ake kai su wajen baje koli a dawo da su. Na ce, "Yaya, wannan ai kwalliyar gawa ce."

Bari ka ji dalilina. Lokacin da aka fito da motar nan a Paris a 1948, don manoman ƙauyen Faransa aka yi ta. Sharaɗin da aka ba masu ƙera ta shi ne ta ɗauki manomi da buhun dankali, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a ciki ba tare da ya fashe ba. Injinta na farko silinda biyu ne, iska ke sanyaya shi, ba ruwanta da lagireto. Sunan ma "doki biyu" yake nufi, ma'aunin haraji ne. A haka aka yi ta ƙera ta har 1990, da aka yi ta ƙarshe a Fotugal. Wato dai motar talaka ce, darajarta a wahalar da take ɗauka take.

Mu a Najeriya Peugeot 504 muka fi sani, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun san 2CV sarai. Akwai fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia. Labarin mai fataucin kaji ne da ya bar Yamai ya nausa ƙauyuka a wata ragargajajjiyar 2CV. Da suka iso kogin Kwara, kwance ta suka yi gunduwa-gunduwa, suka tsallakar da ita, suka sake haɗawa. Wallahi motar fim ɗin nan ta fi mini waɗancan masu sheƙi kyau, don ita tana raye.

Su kansu masu kamfanin sun ba mu darasi. A wajen shekarun 1990 an gano wasu samfura uku na 1939 da aka ɓoye a saman wani rumbu tun zamanin yaƙin duniya na biyu. Ba su yi musu fenti ba, sun bar su yadda aka same su, saboda tabon da ke jikinsu shi ne tarihin.

Kada a ce na ƙi gaskiya. Akwai irin da ya cancanci a killace, kamar 2CV Sahara mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wadda ba a ƙera ko 700 ba. Irin wannan in ta lalace ta tafi ke nan. Amma ta yayana ba ita ba ce, irinta miliyoyi aka yi, a nan ƙasar ne kawai ta yi ƙaranci. In ya cire kujerunta na asali, ya toshe kowace lotsa, ya zuba mata kayan da ba nata ba, to gyaran gangar Abzinawa ya yi: kuɗi sun tafi, motar da ya saya ma ta tafi.

Abin da na ce masa ke nan: "Yaya, ka fara da abin da ido ba ya gani. Mai walda ya duba ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da ita, don nan tsatsa ke kashe irin motar nan. Sai burki, sai inji. Fenti ya zo ƙarshe, in kuɗi ya saura bayan rufin ɗaki. Kuma ranar da ta tashi, Hajiya za ka fara kaiwa unguwa."

Ya yi dariya ya ce zai yi tunani. Har yanzu tana gareji wajen bakanike, an ɗaga ta a kan bulo. Allah Ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amin.