Waƙar Maza da Wanda Ya Ƙi Shiga Fili

Ni ba ɗan gasa ba ne. Ko langa ta yara ban so ta ba, balle kokawa da dambe. Duk da haka ina jin daɗin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, ɗan dambe. Abin da ya sa, ba ta ɓoye hatsari. Tana ambaton mutuwa a fili, har mai sauraro ya gane cewa wanda ya ɗaure hannu ya shiga, ransa ya kai kasuwa. Wannan gaskiya ce, ta kuwa cancanci yabo.

Amma waƙoƙin maza suna da aibi guda. Mutum biyu kaɗai suka sani, jarumi da rago. Wanda ya dubi abokin karawa, ya tuna da gonarsa da 'ya'yansa, ya ce ba zai shiga ba, ba shi da suna a cikinsu sai na zambo. Alhali kuwa idan haƙarƙari ya karye ana gab da shuka, ba kalangu zai yi masa noma ba. Makaɗi yana zuga, amma jikin wani ne a ƙasa.

A nan Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, mutum ɗaya ke ɗaukar takobi kowane karo. Dubban da suka cika fili 'yan kallo ne kamata, su ne kuma ke yi wa makaɗa kari don a zagi rago.