Kalmar “Doctor” da Rassanta a Bakin Hausawa

A Ingilishi kalmar “doctor” tana da fuska biyu: mai ba da magani, da kuma masanin da ya kai ƙololuwar digirin jami'a. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin mai koyarwa. Da Hausa ta are ta, sai ta raba mata aiki: “likita” na duba marasa lafiya, “Dokta” kuwa laƙabi ne da ake sawa gaban suna.

Amma wannan rabo na Nijeriya ne. A Sukukutane da sauran ƙasar Arewa ta Dogondutsi, wanda ya ce “na tafi likita” gidan magani yake nufi. Ma'aikacin kuwa “lokotoro” ne, daga kalmar Faransanci “docteur”.

A nan ne muke ganin gazawar masu fassara da ke dogara ga Kananci kaɗai, suna ɗaukar sauran karin harshe tamkar kuskure. Takardar gargaɗin lafiya ba wurin shubuha ba ce. Wajibi ne mai rubuta ƙamus ya bayyana kowace ma'ana tare da yankin da take rayuwa.