Tarihin Kabi a Kundin Ɗalibi

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe a sashen Hausa da na tarihi sukan rubuta kundi a ƙarƙashin kulawar malami kafin a ba su digiri na farko. Waɗanda suka fito daga kwarin Rima sau da yawa ƙasarsu su ke zaɓa: sarautar Kanta, ko bikin kamun kifi na Argungu, ko kafuwar Birnin Kabi. Zaɓin ba shi da laifi. Abin dubawa shi ne yadda a ke sarrafa shaida a cikin irin waɗannan kundaye, domin daga cikinsu ne malaman kwalejin horon malamai su ke ɗibar abin da za su karantar.

Aibi na farko yana babi na biyu, watau bitar ayyukan magabata. Ɗalibi yakan jera abin da Arnett ya rubuta a 1920, da na Hogben da Kirk-Greene a 1966, ya ƙara da wani kundi da ya riga nasa, sa'an nan ya ce masana sun haɗu a kan magana ɗaya. Alhali kuwa in aka bi sawun maganar, sau da yawa sai a tarar rijiya guda duka suka sha, ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. Arnett da kansa ya fassara littafin a 1922. Shaidu huɗu da suka ji daga baki ɗaya, ai shaida ɗaya ce.

Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga tarihin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita. Abdullahi ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙati, Bello ya ba da nasa. Dukansu malamai ne masu kiyaye magana, amma su ne suka ci yaƙin, kuma da idon wanda ya ci suka rubuta. Kabawa ba su miƙa wuya ba: Karari ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a 1849, Argungu ta zama mazaunin sarautarsu. Nasu labarin yana bakin makaɗa da masu sarauta da dattawan gari. Dubi asalin Kanta kansa. Bello ya kawo maganar cewa bawan Fulani ne. Kabawa suna danganta shi da Kuyambana ta ƙasar Katsina. Tarihus Sudan na Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, ya nuna shi abokin yaƙin Askiya Muhammadu ne da suka ɓata a kan ganima bayan yaƙin Agadas, wajen 1516. Ɗalibi yakan ɗauki ɗaya ya jefar da biyu, ko ya dama su duka su zama kunu. Aikin da a ke nema gare shi shi ne ya ajiye su gefe da gefe, ya tambaya wa ya faɗa, yaushe, kuma me ya ke karewa. Kundin M. B. Alkali na 1969 a Jami'ar Ahmadu Bello, a kan Kabi a ƙarni na 19, ya nuna ana iya yin haka, sai dai an fi ambatonsa da karanta shi.

Aibi na biyu ya fi zafi, don ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ɗalibi ya je Argungu, ya zauna gaban dattijo, ya naɗi magana. Da ya komo sai ya mai da ita Daidaitacciyar Hausa, yana tsammanin gyara ya yi. Inda tsoho ya ce "yat tahi" sai a rubuta "ya tafi". Inda ya ce "sarki na" sai a mai da shi "sarki ne". Na farkon ba canjin lafazi kaɗai ba ne. A Hausar yamma "yat tahi" da "ya tahi" siga biyu ce dabam, kuma rubutun yau da kullum, da ba ya nuna tsawon wasali, yakan haɗe su wuri guda. Kirari da take su suka fi shan wahala, domin tsofaffin kalmomi a cikinsu su ke fakewa, kuma kalmar da ɗalibi bai gane ba ita ya kan fara sharewa. In dattijon ya rasu, faifan kuma ya ɓata tare da wayar da aka naɗa da ita, abin da ya rage a ɗakin karatu shi ne Kabanci da aka aske.

Haka kuma batun asalin sunaye. An saba cewa Argungu daga kiran "a yi gungu" ta samo suna, ɗalibai kuma suna kwafe wannan ba tambaya. Labari ne mai daɗi, ya kuma cancanci a rubuta shi a matsayin abin da mutane su ke faɗa. Amma gungu tsibiri ne a bakin mutanen ruwa, kuma akwai tsohon birnin Gungu tun zamanin Surame. Kundin da bai auna waɗannan ba bai gama aikinsa ba.

Ba a ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Wata shida ko bakwai gare shi, ga jarrabawa, ga kuɗin mota. Malamin da ya amince da take kamar "Tarihin Masarautar Kabi" shi ya fara kuskure, gama shekara ɗari biyar ba ta shiga babi biyar. Da an ba shi kirarin sarki ɗaya, ko kalmomin su na masuntan Matan Fada, ko abin da gida biyu su ke faɗa game da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, da ya iya riƙe abin da hannu biyu. Sa'an nan a wajabta masa rataye a ƙarshen kundi, mai ɗauke da maganar mai ba da labari yadda ta fito daga bakinsa, da ranar hira da wurinta, a kuma karɓi kwafen faifan a ajiye a sashe kafin a sa hannu a kan kundin.