Shafin Talmud da Shafin Intanet: Inda Kwatancin Jonathan Rosen Ya Tsaya

A shekarar 2000 marubucin nan na Amurka, Jonathan Rosen, ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna The Talmud and the Internet. Rosen ba malamin addini ba ne, kuma bai ɓoye hakan ba, shi ya sa littafin ke yi wa wanda ya zo karatun tunanin Yahudawa da girmansa daɗin shiga. Da'awarsa ita ce shafin Talmud da shafin intanet 'yan gida ɗaya ne: muryoyi barkatai a wuri guda, kowace magana tana tura ka zuwa wata, ba ka sanin inda za ka ɓulla. Mu da ke rubuta manhaja muna da abin cewa a nan, domin rabin kwatancin a fagenmu yake.

Talmud tarin muhawarar malamai ne a kan Mishna, wato kundin hukunce-hukuncen da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya a ƙarƙashin Rabbi Yehuda HaNasi. Malaman makarantun Babila, a Iraƙi ta yau, sun shafe ƙarnoni suna tattauna shi. A bugun da aka saba da shi, matani na tsakiyar shafi, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, na gefe ɗaya, na magadansa kuma na ɗaya gefen. Wanda ya taɓa riƙe littafin fiƙihu mai hashiya ba zai ga baƙon abu ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne batun rashi. Rosen ya kawo labarin Yohanan ben Zakkai, wanda aka ce almajiransa sun fitar da shi daga Ƙudus cikin akwatin gawa lokacin da Rumawa suka yi wa birnin ƙawanya, ya je ya kafa makaranta a Yabne. Bayan rushe Haikali a shekara ta 70, jama'ar da ta rasa wurin ibadarta ta mayar da karatu mazauninta. Rosen ya jera wannan da labarin kakanninsa mata biyu, ɗaya ta tsufa cikin rufin asiri a Amurka, ɗaya kuma 'yan Nazi suka kashe ta. A waɗannan shafuka ba mu da ta cewa.

Kwatancin da intanet ne muke ja da shi. Abu na farko, adireshi. Tun da Daniel Bomberg ya buga Talmud cikakke a birnin Fenis na Italiya tsakanin 1520 da 1523, lambobin shafukan ba su sauya ba. Wanda ya ambaci shafi a ƙarni na sha bakwai, da wanda ya neme shi yau a waya, wuri ɗaya za su sauka. A intanet kuwa, mahaɗin da muka saka bara yana iya mutuwa bana, mai karatu ya latsa ya tarar da lamba 404.

Na biyu, kuma shi ne babba, yadda ake yi da ra'ayin da aka kayar. Mishna tana rubuta maganar mutum ɗaya da ya saɓa wa jama'a, da sunansa, ta kuma faɗi dalili: wata majalisar malamai a gaba tana iya ganin hujjarsa ta dogara da ita. An yi hukunci da ra'ayin makarantar Hillel a mafi yawan mas'aloli, amma na makarantar Shammai yana nan ana karanta shi. Shafukan sada zumunta suna aiki da akasin haka. Lissafin da ke bayansu yana ɗaga abin da ya fi jan hankali, saura ya nutse. Rosen ya yi rubutu shekara huɗu kafin a kafa Facebook, don haka ba za mu ɗora masa laifin rashin hango wannan ba. Amma ko a lokacinsa babu wanda ke tace intanet, alhali Talmud aikin masu tacewa ne da suka zaɓi abin da za a ajiye. A kayan aikinmu, abin da ya fi kusa da shi shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, inda kowane gyara ke zama a tarihi da sunan mai shi.

Wannan bambanci ya shafi yadda manya ke koyon karatun a yau. Tsarin Daf Yomi da Rabbi Meir Shapiro ya kawo a 1923 ya tanadi warƙa ɗaya kullum, a sauke warƙa 2,711 cikin kimanin shekara bakwai da rabi. A 2017 kuma ɗakin karatun intanet na Sefaria ya fara sakin Talmud kyauta tare da fassarar Turanci ta Rabbi Adin Steinsaltz. Ma'aikaci na iya karanta rabonsa a cikin mota. Alheri ne babba, sai dai a al'adance mutum biyu ke zama su karanta da murya, kowa yana neman ɓaraka a fahimtar abokinsa. Wanda ya ɗauki kwatancin Rosen yadda yake zai zaci yawo daga mahaɗi zuwa mahaɗi shi kaɗai ya wadatar, ya ƙare yana ƙirga kwanaki ba tare da kowa ya taɓa ce masa ya yi kuskure ba.

Muna ba da shawarar a karanta littafin, don gajere ne kuma an rubuta shi da gaskiya. Amma darasin da wannan tunani ke da shi ga zamaninmu yana cikin abubuwan da intanet ba ta iya ba tukuna: a ambaci mai magana da sunansa, a faɗi hujjar abokin jayayya yadda shi zai yarda da ita, a kuma adana ta inda na baya za su same ta.