Garma da Tulin Doya a Ƙasar Keffi

Idan damina ta fara ja da baya, wajen watan Oktoba, ka bi hanyar Keffi zuwa Garaku da sassafe. Za ka ga gonaki cike da tulin ƙasa a jere reras, wani ya kai gwiwa, wani har cinya. Duk aikin garma ne.

Mai tulin doya ba ya sara da ka. Baƙar ƙasar sama, mai ruɓaɓɓen ganye, ita yake fara jawowa tsakiya, ya binne ciyawa a ciki ta zama taki, sannan ya zagaya yana sara yana ɗorawa. In wurin na riƙe ruwa ya ƙara wa tulin tsawo kada doya ta ruɓe, in jigawa ce ya rage. Babu igiya, babu awo, ido ne kawai. Na taɓa karɓar garmar, a tuli na uku bayana ya ƙage, yara suna ta dariya.

Iri kuwa a yanka shi, a shafe yankan da toka, a binne, a ɗora wa tulin hular busasshiyar ciyawa da hoge a kai saboda zafin bazara. Ruwa na sauka, masara da kuɓewa su kama gefe, agushi ya malale ƙasa ya hana ciyawa sakat.

Inda na fi sara wa manoman doya shi ne cikin Agusta. Manomi zai tone gefen tuli a hankali, ya yanke doyar daga ƙarƙashin kai bai taɓa saiwa ba, ya mayar da ƙasa. Doya ta tafi kasuwa, kan da ya bari kuma ya sake zuba 'yan ƙanana. Irin baɗi ke nan, bai saya ba.

An daɗe masu boko na ɗaukar cakuɗa shuka a gona ɗaya, irin na doya da masara da agushin nan, rashin wayewa, har sai da David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi manoman ƙauyukan Zariya daga 1966, lissafinsa ya nuna haɗa gero da dawa da wake ya fi tsare manomi daga asara. Ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, da tsangayarsu ta noma ke Shabu kusa da Lafiya, da sun zo sun karɓi garmar nan da wuri. Abuja na matsowa, kuma wajen Masaka, inda ake jera tuli a da, yanzu bulo ake jerawa.