Zikiri da Sautin Iyafis: Waya Za Ta Iya Yi wa Zuciya Aikinta?

Duk wanda wayarsa ke buɗe YouTube ko TikTok, a Matazu yake ko Musawa ko Malumfashi, in dai ya taɓa lalubo abin da zai sa shi barci, da wuya bai ci karo da su ba. Bidiyoyi ne masu tsawon awa guda, wasu har awa takwas, ba waƙa ba magana, sai wani gunji da ba ya yankewa. Masu ɗora su na cewa in ka toshe kunnuwanka biyu da iyafis ka kwanta, sautin zai saita maka ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci ya kai ka inda masu ibadar kaɗaici na ƙasar Tibet ke shafe shekaru kafin su kai. Akwai ma masu shimfiɗa shi a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani ko zikiri, don ya shiga kasuwar Musulmi.

Ba abin dariya ba ne mutumin kudancin Katsina ya nemi irin wannan. Yankin da aka sani da masara da dawa da auduga yanzu an san shi da kwana ido biyu. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi. Tsakanin waɗannan biyu akwai darare da ba su shiga labarai ba, na ƙarar babura daga nesa, na haushin kare da ke tayar da gida gaba ɗaya. Wanda ya kwana a haka yana neman abin da zai kwantar masa da gaba, kuma mun ga inda wasu matasa suka nema: kodin, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, da taramol da 'yan uwansa. In aka ajiye gunjin waya kusa da waɗannan, ai shi mai sauƙi ne. Tambayar ita ce ko yana yin abin da ake cewa yana yi, kuma ko zai iya tsayawa a gurbin zikiri da wuridi da tafakkuri, waɗanda su ne abin da muka gada na tattara hankali wuri guda.

Asalin abin tsoho ne. Wani masanin ƙasar Jamus, Heinrich Dove, shi ake jingina wa gano shi a 1839. In aka sa wa kunnen dama sautin da ke kaɗawa sau 200 a daƙiƙa, na hagu kuma mai kaɗawa sau 210, mai sauraro zai ji wani bugu na uku yana tashi yana sauka sau 10 a daƙiƙa. Wannan bugun babu shi a cikin iska. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro shi a can gindinta, wurin da saƙon kunnuwan biyu ke haɗuwa. A gefe guda kuma, tun da Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924 aka san tana da nata kaɗawar: wajen 8 zuwa 12 a daƙiƙa in mutum ya rufe ido yana hutawa, 4 zuwa 8 in gyangyaɗi ya fara ɗibarsa, ƙasa da 4 in barci ya yi nauyi. Sai aka haɗa biyun aka yi lissafi: a ba kunne bugu 10, ƙwaƙwalwa ta bi sahu, natsuwa ta sauka. Maƙalar da Gerald Oster ya buga a mujallar Scientific American a 1973 ta farfaɗo da zancen, Robert Monroe kuma ya mai da shi haja a Amurka da sunan Hemi-Sync.

Lissafin ya yi daɗin ji, amma da aka kai shi ɗakin gwaji bai fito fes ba. A 2023 wasu masana a Jamus suka tattara bincike 14 da aka auna ƙwaƙwalwar masu sauraro kai tsaye, suka buga a mujallar PLOS ONE. Biyar ne kawai suka nuna ƙwaƙwalwa ta bi bugun, takwas suka saɓa, ɗaya ya fito rabi da rabi. Wani nazari da aka yi a Sifaniya a 2019, wanda ya haɗa bincike 22, ya ga alamar raguwar fargaba da ɗan ƙarin mai da hankali. Ke nan wasu na samun sauƙi, sai dai hujjar cewa ta hanyar da 'yan talla ke faɗa sauƙin ya zo ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mutum ya kwanta shiru, ya rufe ido, ya daina latsa waya na rabin awa, yana kuma sa ran zai ji daɗi, wannan kaɗai ya isa ya sassauta masa.

A nan gida ma akwai wani abin ban dariya. Bugun ba ya samuwa sai kowane kunne ya samu nasa sautin daban. Iyafis ɗin kasuwa kuwa, sati biyu ɓari ɗaya ya mutu. Ko kuma samari biyu su raba iyafis ɗaya, wannan kunne ɗaya wancan kunne ɗaya, kowa na jin ƙara guda tilo, babu wani bugu na uku. Wanda ya saki sautin a lasifikar waya shi ma wani abu daban yake ji, don sautukan sun riga sun cakuɗe a waje kafin su isa gare shi.

Mu bar duk wannan, mu ɗauka sautin na aiki ɗari bisa ɗari. Sai mu dubi abin da ake so ya maye.

Je ka zauna a gefen zawiyar 'yan Tijjaniyya bayan magariba, a kowane gari tsakanin Funtuwa da Kankiya. Mutane sun dawo daga gona, hannu duk kanta, sun yi alwala, sun yi da'ira gwiwa da gwiwa. Muƙaddami ya buɗe, a yi istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100. Da farko muryoyin a warwatse suke, wani na gaba wani na baya, tsoho na ja yaro na sauri. Kafin a yi nisa cikin hailala sai ka ji sun zama murya ɗaya, kafaɗu na rausaya tare, har jan numfashi ya daidaita. A shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, a karanta Jauharatul Kamali 12. Wanda taimama ya yi bai samu ruwa ba, ba ya karanta Jauhara, sai ya biya da Salatul Fatihi 20. Ban da wannan wazifa, kowa na da lazimi safe da yamma, in ya kuɓuce masa sai ya rama, ga zikirin Juma'a tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Haka abin yake tafe tun zamanin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya ƙara bazuwa a ƙasar Hausa ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha.

'Yan Ƙadiriyya, ɗariƙar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi, nasu ya fi kusa da batunmu, don su sun daɗe da sanin abin da bugu ke yi wa jiki. Bandirin da gidan Shehu Nasiru Kabara ya shahara da shi a Kano, da zikirin anfasu inda ake fitar da ambato tare da numfashi daga ƙirji, duk aiki ne da kari da maimaici. Wanda ba ya ɗariƙa ma bai fita daga lissafin ba. Ɗan Izala na da azkar na safe da maraice, da tasbihin bayan salla, da tahajjudi, da i'itikafin goman ƙarshe na azumi. Saɓanin da ke tsakanin ɓangarorin kan bandiri da wazifa sananne ne, ba kuma nan ne wurin warware shi ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne, mutum shi ke yi, ba yi masa ake yi ba. Harshensa ne ke motsi, yatsunsa ke ja, hankalinsa in ya gudu gona ko bashin taki, shi zai kamo shi ya dawo da shi, sau ɗari in ta kama.

Wannan kamo hankalin shi ne horon. Masu bincike ma a nan suka tarar da shi. Mabiya addinin Buda takwas da aka auna ƙwaƙwalwarsu a jami'ar Wisconsin, aka buga sakamakon a 2004, kowannensu ya yi tsakanin awa 10,000 zuwa 50,000 yana wannan atisaye kafin na'ura ta ga abin da ta gani a kansa. Abin da na'urar ta zana sawun aikin ne. Manomi na gumi in yana huɗa, amma wanda ya shiga ɗaki mai zafi ya haɗa gumi bai tayar da kunya ko ɗaya ba. Mai sayar da sautin gumin yake tallatawa.

Ba ina cewa jiki ba shi da rabo a zikiri ba. Wani likita a Italiya, Luciano Bernardi, ya nuna a 2001 cewa jan carbin Kiristocin Katolika da maimaita kalmomin masu yoga na sassauta numfashi zuwa wajen shida a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya. Ba abin mamaki ba ne in mai wuridi a natse ya ji kwatankwacin haka. Amma tambayi duk mai carbi, ba don numfashi yake ja ba. Yana ambaton Ubangijinsa ne, yana neman gafara, yana sa ran lada, natsuwar kuma ta biyo baya. In aka cire niyya da ma'anar kalmomin, abin da ya rage ba zikiri ba ne ko da an ji sanyi a rai.

Bahaushe na da wata tsohuwar hujja a kan wannan, daga inda ba a zata ba, wato dandalin bori. Tun farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke, Andrew Neher, ya ce bugun ganga da kansa ne ke jan ƙwaƙwalwa har mutum ya fita hayyacinsa. Masanin kiɗa na Faransa, Gilbert Rouget, ya yi masa raddi a littafinsa na 1980 kan kiɗa da hawan iska. Wanda ya taɓa kallon wasan bori a Maraɗi ko Katsina ba ya buƙatar littafin. Ana goga goge ana kaɗa ƙwarya, ɗaruruwan 'yan kallo na tsaye, mai gogen shi ya fi kowa kusa da sautin, amma ba shi ke faɗuwa ba. Wanda aka yi wa girka, ya san taken da ake kaɗawa na wane ne, shi abin ke kamawa. Ko me mutum ya ɗauki bori, darasin a fili yake: sauti ɗaya ne, abin da mai ji ya zo da shi a ransa shi ke bambanta sakamako.

Saura batun aminci, kuma a nan al'adarmu ta fi 'yan intanet gaskiya. Malamai ba su taɓa cewa wuridi ba shi da haɗari ba. Kowa ya san labarin wanda ya ɗauki adadi mai nauyi, ko ya shiga halwa ba da jagora ba, ya fito ana cewa ya zautu. Shi ya sa akwai izini, akwai ƙayyadadden adadi, akwai wanda zai kalle ka ya ce, "Yaro, wa ya ba ka wannan? Rage, je ka ci abinci ka yi barci." Masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka sun tattauna da mutum 60 masu zaman tattara hankali irin na Buda, suka buga a 2017 cewa da yawansu sun gamu da tsoro, rashin barci da rikicewar tunani. Abin da zawiya ta daɗe da yi wa shinge ke nan. Bidiyon awa takwas ba shi da muƙaddami, bai san mai saurarensa an taɓa tsare shi a daji ba.

Haɗarin sautin kansa bai kai yadda aka zuzuta shi ba lokacin da jaridun Amurka a 2010, daga baya na ƙasashen Larabawa, suka riƙa kiransa ƙwayar intanet. Matsalar tana wajen yadda ake amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da kunnen baligi zai ɗauka lafiya shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Mai kwana da iyafis awa takwas kullum ya yi awa 56, in ya ƙure murya kunnensa ne zai biya. Bidiyoyin da ke haɗawa da walƙiyar haske na iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Ɗan acaɓa ko direban da ya sa abin da aka yi don kawo gyangyaɗi, ba sai an yi bayani ba. Sai kuma wanda ya shafe mu mu kaɗai, wanda masu haɗa sautin a Turai ba su san da shi ba: a ƙauyen da kunne ne mai gadi, magidanci ya toshe kunnuwa biyu da tsakar dare, wa zai ji kururuwar maƙwabci?

Hukuncina shi ne, sautin ba ya maye zikiri, ko kusa. A matsayin ɗan taimako kuwa, ga wanda ya ji yana kwantar masa da hankali, ban ga laifi ba ya saurara da rana ko kafin isha, murya ƙasa-ƙasa, na ɗan lokaci, sannan ya cire ya tashi ya yi alwala. Kada dai ya hana shi zama cikin jama'a, don a wajen musabahar bayan wazifa ko bayan salla ne ake lura da wanda ya rame, da wanda ya daina magana tun da aka dawo da ɗansa.

Wanda kuma ya yi makonni ba ya barci, yana firgita da ƙarar babur, abin da ya gani na dawo masa ido biyu, wannan ya wuce iyafis. Ya riƙe addu'arsa, 'yan uwa su raka shi babban asibiti mafi kusa a duba shi. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato.