Amana a Birnin da Annoba Ta Cinye: Nazarin Wasan The Division

A watan Maris na 2016 kamfanin Ubisoft ya fitar da Tom Clancy's The Division, wasan harbe-harbe da ake bugawa ta intanet, wanda ma'aikatar Massive Entertainment da ke Malmo a ƙasar Suwidin ta ƙera. Labarinsa gajere ne. An shafa ƙwayar cutar agana da aka sarrafa a jikin takardun kuɗi, aka sake su a ranar Juma'ar rangwame, lokacin da kasuwannin Amurka suka fi cika. Cikin 'yan makonni birnin Niyok ya durƙushe. Sai gwamnati ta tashi wasu jami'an sirri da suke zaune cikin jama'a domin su ceto abin da ya saura, kuma ɗan wasa ɗaya ne daga cikinsu. Wannan nazari zai duba abubuwa biyu: me ke jawo mutum ga wasan, me kuma ke mayar da shi bayan labari ya ƙare?

Babban abin da ke jan hankali shi ne birnin kansa, domin ya fi duk mutanen labarin iya magana. Dusar ƙanƙara ta lulluɓe motocin da aka watsar a kan titunan Manhattan, fitilun Kirsimeti suna ci a kan tulin shara, an mayar da dandalin Madison Square Garden asibitin wucin gadi. Ɗan wasa yakan tsinci saƙonnin waya na mutanen da suka mutu ko suka ɓace, ya harhaɗa labarinsu da kansa. Hedikwatarsa ma babban gidan waya ne na James A. Farley, inda yake farfaɗo da sashen lafiya da na tsaro da na fasaha sannu a hankali. Da idonsa yake ganin masu neman mafaka suna ƙaruwa, wuri yana yin haske, har ya ji cewa wahalarsa ta haifi wani abu.

Sai dai labarin yana da tabo. Cikin abokan gaba akwai fursunonin da suka tsere daga kurkukun Rikers, da sojojin haya, da tsofaffin ma'aikatan shara da suka yi imani cewa wuta kaɗai ke kashe cutar, suna ƙone duk wanda suke zargi. Akwai kuma 'yan wawaso, waɗanda da yawansu za a iya cewa yunwa ce ta fito da su. Wasan ya ba jami'i ikon kisa ba tare da alƙali ko shaida ba, bai kuma tsaya ya auna nauyin wannan iko yadda ya kamata ba. Jami'in da ke harbin mai wawaso shi ne kuma yake shiga gidajen mutane yana kwashe kayansu. A fagen wasan bambancinsu bai wuce agogon da ke haske a hannun jami'in ba.

Dangane da maimaici, hanyar farko da masu wasan suka bi ita ce ganima. Idan mutum ya kai mataki na 30, sai ya koma ayyukan da ya riga ya gama, a matakin da ya fi tsauri, da fatan samun bindiga ko sulke mafi inganci. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma a nan ya tabbata. A watannin farko tsaurin ya koma ƙara wa abokan gaba juriya kawai, har mutum ya zazzage harsasai a jikin ɗan tawaye mai rigar sanyi yana nan tsaye. Wannan ya rushe kamannin gaskiya da birnin ya gina, kuma sai da gyaran 1.4 na watan Oktoba 2016 ya zo kafin a sami sauƙi.

Hanya ta biyu ce ta fi ƙarfi, wato Yankin Duhu, wani yanki da aka katange a tsakiyar Manhattan. Ganimar wurin gurɓatacciya ce, ba ta fita sai a jirgi mai saukar ungulu. Dole mutum ya harba wutar kira sama, wadda kowa zai gani, sannan ya jira. Baƙon da ya taimake shi ɗazu yana iya juya masa bindiga, ko ya yanke igiyar da ya rataya kayansa. Wanda ya ci amana ana yi masa tambari, sauran su farauce shi. Ba a rubuta wa wannan jira ƙarshe ba, shi ya sa ba ya tsufa. Mugu bai da kama, kuma ba wanda zai haddace zuciyar ɗan'adam yadda ake haddace taswira. A nan ne kaɗai jigon labarin da tsarin wasan suka zama abu guda, domin tambayar da annoba ke yi wa al'umma ita ce ko amana za ta rayu bayan hukuma ta janye.

Zamani ya ƙara wa wasan nauyin da masu shi ba su shirya ba. Kashi na biyu ya fito a 2019, ya koma birnin Washinton, sannan ƙarin da ya mayar da labarin Niyok ya fito a watan Maris na 2020, watan da aka ayyana korona a matsayin annobar duniya. Wanda ya ga kulle ba zai kalli waɗannan tituna da idon da ba. Zai kuma lura da abin da wasan ya rage wa daraja: a zahiri ma'aikatan jinya da direbobi da masu shara ne suka riƙe birane, alhali wasan ya ajiye irinsu a gefe, ko ya mayar da su abin harbi.

Saboda haka The Division ya cancanci yabo a matsayin hoton birni, ya kuma gaza a matsayin nazarin iko. Ganimarsa takan gundura da zarar an tara ta. Wanda ya ci gaba da komawa bayan haka, Yankin Duhu ne ke kiransa, inda zai sake tsayawa ƙarƙashin jirgi tare da baƙo, bai san ko zai fita da kayansa ba.